Littafi Mai Zobba Uku

Makarantar 'yan mata, kusa da Bondo
14 ga Fabrairu, 1989

Zuwa ga Yaya Aoko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Ni ma lafiya lau, sai mura da ta kama rabin ɗakin kwananmu, amma ta kusa sakina.

Wataƙila ba za ki tuna da ni ba. Ni ce Apondi, 'yar Rabuor. Babana da babanki 'ya'yan wa da ƙane ne, gidanmu ne wanda ke bayan na kakarki Dani. Sau ɗaya muka haɗu, a wani biki, kika ba ni alewa, kunya ta hana ni cewa na gode. Yanzu ina aji uku.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, an ba makarantarmu kyautar kwamfuta guda ɗaya. Tana wani ɗaki a lulluɓe da mayafi, sai mun cire takalmi muke shiga. Ta zo da faifai biyu, ɗaya na tayar da ita, ɗaya na rubuta manhaja, amma babu littafi ko ɗaya. Malam Ogutu mai lissafi shi ke riƙe da makulli, ya kuma gaya mana gaskiya cewa kunnawa da kashewa kaɗai ya iya. Idan muka rubuta mata abu sai ta ce kuskure ne, ba ta faɗin inda kuskuren yake.

Akwai gasar kimiyya ta makarantu a watan Yuni. Ina so in rubuta manhajar da za ta zana yadda tsargiya ke fita daga dodon koɗi ta shiga jikin mai wanka a tafki. Na zana komai a takarda, amma ban san yadda ake sa kwamfuta ta ɗiga ko ɗigo ɗaya a allonta ba. Baba ya ce wannan shi ne aikinki a Mombasa. Idan ba damuwa, ki kwafo mini shafi biyu ko uku da suka yi bayanin haka. Idan babu lokaci, zan fahimta.

Taki ƙanwa,
Apondi Rabuor

*

Mombasa
6 ga Maris, 1989

Apondi,

Na samu wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ba ya jin magana. Na tuna ki sarai, ke ce kika ɓuya bayan buhun masara.

Shafi uku ba za su ishe ki ba. Kowane shafi yana tura mutum zuwa wani, ba zan zauna ina kwafa har Kirsimeti ba. Na yanke shawarar in ba ki aron littafina gaba ɗaya. Shi ne jagoran masu rubuta manhaja: yana faɗin kowace irin buƙata da manhaja ke iya miƙa wa kwamfuta da lambar kowacce, ko buɗe fayil ne, ko zane a allo. Shafi ɗari shida da arba'in ne, a jikin zobba uku na ƙarfe, cikin akwatin kwali mai ruwan toka.

Ki karanta wannan sau biyu. Littafin ofis ne, ba nawa ba, kuma ban nemi izini ba. An kawo mana sabon bugu, shi ya sa tsohon ke zaune babu mai taɓa shi. Amma ranar 15 ga Mayu za mu fara mayar da tsofaffin manhajojinmu kan sababbin injuna, ni ce kuma aka ɗora wa aikin. Abin da zan dogara da shi, shi ne rubutun da na yi da biro a gefen shafukan nan tsawon shekara biyar: inda littafin ya yi kuskure, inda na yi dabara na kauce. Babu wannan rubutun a ko'ina sai nan. Idan bai dawo kafin ranar ba, aikina ne a kan layi.

Ba zan aiko makaranta ba, na san halin masu kula da ɗakin kwana, za su riƙe shi har ƙarshen zango. Zan ba wani direban bas ɗan garinmu ya sauke shi a gida, ki same shi idan kin zo hutun Afrilu. Ki wanke hannu kafin ki buɗe. Kada ki ci kifi a kansa.

Aoko

*

Gida
9 ga Afrilu, 1989

Zuwa ga Yaya Aoko,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya. Na iso gida lafiya ranar Juma'a. Kowa yana nan ƙalau, sai Dani da gwiwarta ke damu saboda damina. Kin dai ji labarin rasuwar tsoho Owuor na gidanku, an binne shi mako biyu kafin in zo.

Littafin ya iso gida. Na gode ƙwarai. Ban fara aiki da shi ba. Ina ganin ma zan janye daga gasar. Zan sake rubuto miki idan na samu natsuwa.

Taki ƙanwa,
Apondi

*

Mombasa
17 ga Afrilu, 1989

Apondi,

Ina lafiya. Ki gaida Dani da gwiwa.

Na karanta 'yar takardarki har sau uku ina neman sauran, ban gani ba. Na ɗauki littafin ofis a ɓoye, na fita da shi a ƙasan kayan cefane ta gaban mai gadi, na roƙi direba kamar mai neman gafara, abin da zan samu shi ne layi huɗu, wai ba ki fara ba, wai za ki janye. Kin buɗe kin ga yana da kauri sai jikinki ya mutu ke nan? Na san irinku. Kuna son a ce kun iya kwamfuta, amma ba kwa son zaman da ake yi kafin a iya. Na ɗauka ke daban ce saboda wasiƙarki ta farko. Abin ya ba ni ƙyama, ba zan ɓoye miki ba.

Tunda ba kya bukatarsa, ki ɗaure shi yadda ya zo ki ba direban nan ranar kasuwa.

Aoko

*

Gida
24 ga Afrilu, 1989

Zuwa ga Yaya Aoko,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mu ma muna nan. Wasiƙarki ta iso jiya, kuma kina da gaskiya da kika yi fushi, sai dai ba don abin da kika zata ba. Ban iya rubuta gaskiyar ba ne a wancan karon. Sau huɗu ina farawa ina yagewa. Ki yi haƙuri da kalmomin da zan yi amfani da su.

Littafin ya iso ana tsakiyar zaman makokin tsoho Owuor, kin san yadda ake cika, mutum ya fi ɗari uku har kwana tara. Direban ya miƙa wa Min Okoth, matar baffanki, ya ce saƙon Aoko ne. Bai ce nawa ba ne. Ita kuma ta ɗaga ta ji nauyi, ta leƙa ta ga takarda ce.

Yaya, duk ƙarshen shekara kina aiko wa gida da damin tsohuwar takardar injin bugawa, mai layin kore. Kowa ya san inda ake kai ta. Yaran gidan nan ma “takardar Aoko” suke ce wa takardar bayan gida. Min Okoth ta ɗauka kin ji labarin baƙi ne kika aiko da gudummawa.

Da na iso na tambayi saƙona, babu wanda ya gane abin da nake nufi. Sai da na shiga masai na gan shi. An zare shafukan daga zobban, an zura waya ta hujin tsakiya, an rataye a ƙusa. Na saman shi ne shafi na ɗari biyu da sittin da ɗaya. Na tsaya ina karanta shi ƙudaje suna sauka a kansa. Gefensa ya jiƙe, kuma ba ruwan sama ba ne. Na fito na yi amai a gindin ayaba.

Na sami Min Okoth tana tankaɗe, na ce, “Mama, littafi ne fa kuka rataye.”

Ta ce, “Wane littafi? Littafi ai ɗinke yake. Wannan a warware ya zo, har da huji suka yi mana, ko wahalar hudawa ba mu sha ba.”

Na ce na ofis ne, aro aka ba ni.

Ta ce, “To 'yar boko, da kin rubuta a goshinsa. Baƙi ma sun yaba, sun ce ta bana ta fi ta bara laushi. Dube ta, za ta yi kuka a kan takarda. Tsohon da ya mutu ma ba ki yi masa wannan fuskar ba.”

Matan da ke wurin suka yi ta dariya. Na juya na bar su. Akwatin kwalin Min Okoth ta zuba wake a ciki. Zobban ƙarfen kuwa an ɗaure ƙofar akurkin kaji da su.

Na kwance wayar na kwashe abin da ya rage. Na shanya su a kan ciyawa kwana uku, kowanne da dutse a kai, ina kora kaji. Guda goma sha ɗaya ba su shanyuwa, na ƙone su, na rubuta lambobinsu. Na jera sauran na ƙirga. Daga shafi na ɗaya zuwa na ɗari biyu da sittin babu. A cikin waɗanda suka rage ma akwai giɓi nan da can. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban ga rubutun bironki a ko ɗaya ba.

Na ba direba abin da na tsira da shi, a cikin leda biyu. Har yanzu suna ɗan wari, na yi iya ƙoƙarina. Ban karanta ko layi ɗaya don gasar ba, raina ba zai iya ba. Ki gaya mini abin da zan yi, ko me ne ne.

Taki ƙanwa,
Apondi

*

Mombasa
2 ga Mayu, 1989

Apondi,

Lafiyar jiki dai akwai.

Ledar ta iso. Na buɗe ta a ɗakina, maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko ɓera ne ya mutu. Yanzu tana waje a kan rufi.

Na janye abin da na faɗa a kanki. Amma da kin gaya mini tun ranar 9, da ina da mako biyar na neman mafita, yanzu kwana goma sha uku suka rage. Kunyarki ta ci mini mako uku. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani fiye da kwamfuta.

Shafukan bugu ba su ne matsala ba. Akwai wata ƙawata a wani ofis da ke da irin littafin, za ta bar ni in ɗauki hoton shafukan da babu. Rubutuna ne ba shi da na biyu. Akwai wani wuri da na yi wata guda cur kafin in gano abin da ke sa injin ya sandare duk lokacin da fayil ya wuce wani girma. Na rubuta maganin a gefen shafi, layi uku. Tun jiya nake ƙoƙarin tuno su, na biyun ya ƙi zuwa. Irin wannan ya fi saba'in. Kuma duk sanda na rufe ido sai in ga wani ƙaton ɗan makoki ya cika ciki da ugali, tuwon masara, da nama, ya miƙa hannu ya yago aikin wata guda.

Ban ma san wanda zan tsana ba. Min Okoth da bakinta? Direban da bai iya faɗin suna ɗaya ba? Ni ce na shekara shida ina aika musu da shara a matsayin tsaraba, ina jin na yi abin kirki. Na koya musu cewa duk abin da ya fito daga hannuna na masai ne, suka kuma koya da kyau.

Ranar Litinin zan gaya wa manaja. Gara ya ji daga bakina. Ban san da waɗanne kalmomi ake faɗa wa mutum mai laktaye irin wannan magana ba.

Aoko

*

Gida
6 ga Mayu, 1989

Zuwa ga Yaya Aoko,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, gobe zan koma makaranta. Ba zan sa wannan a gidan waya ba, zan ba direba hannu da hannu tare da ƙunshin da ke ciki, na kuma rubuta sunanki a kowane gefe. Ina roƙon Allah ya iso kafin ki shiga wurin manaja.

Rubutunki yana nan. Shafi saba'in da huɗu.

Jiya da hantsi na je yi wa Dani sallama. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince ƙananan kifi. Ta ce, “Ke mai tafiya kamar an aike ki satar ƙwai, zo nan. Tun da kika zo kike kumbure-kumbure, na kasa samun ki. Shiga ki jawo mini akwatin ƙarfe.”

Na jawo. Ta buɗe, ta ɗaga rigar cocinta, ta ciro ƙunshi a ɗaure da zaren kaba.

Ta ce, “Karanta mini. Waccan 'yar Mombasa ta tuna tana da kaka.”

Ashe ranar da Min Okoth ke zura shafukan a waya, Dani na zaune kusa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san bambancin baƙin inji da shuɗin biro. Ta ga hannun mutum a jikin wasu, ta ce a dakata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zare duk wanda ke da biro, ko kalma ɗaya ce. Min Okoth ta ce mata ɓata lokaci ne, ita kuma ta ce, “Hannun jikata ba zai shiga rami ba.” Ta ɗauka wasiƙa kika rubuto mata, takarda ta ƙare miki kika bi gefe-gefe. Ba ta gaya wa kowa ba don kada a karanta mata sirrinta a gaban baƙi. Mako shida tana jira.

Na ɗauki na farko. Kin rubuta: “Ƙarya ne. Lambar nan tana kashe injin, a sa goma sha uku.” Na biyu: “Wanda ya rubuta wannan babin bai taɓa gwada shi ba.”

Dani ta ce, “Me ta ce? Ta ce tana zuwa?”

Yaya, na yi tunanin in ƙirƙiro. Da na ce kina gaishe ta, kina tambayar gwiwarta, ba za ta taɓa sani ba. Amma da ta mayar da su akwati ta ce nata ne, ke kuma kina bukatarsu. Kuma na riga na ga abin da ɓoye magana ya jawo. Sai na ce mata ba wasiƙa ba ce, bayanin aikin shekara biyar ne, inji kike yi wa magana.

Ta ce, “Duka?”

Na ce duka.

Ta ce, “Duba da kyau, ke idonki sabo ne. Ko a ƙarshe babu sunana?”

Na bi saba'in da huɗun a gabanta, tana kallon yatsana. Babu.

Ta ci gaba da tsince kifinta. Can ta ce, “To ɗauki ki kai mata. Injin ya yi sa'a, shekara biyar ana yi masa hira.” Ta sa na mayar da akwatin, ta ba ni gyaɗa ta hanya, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Ni ƙarama ce, bai kamata in faɗi wannan ba. Na ɗauka abin da na gani a masai shi ne mafi muni a hutun nan. Amma da nake juya shafukan nan a gabanta ina neman suna ɗaya, na fi jin ƙyama, kuma ba Min Okoth nake ji wa ba. Ta ce rabon da ki rubuto mata tun kafin a sake rufin coci. Na tambayi Baba, ya ce shekara huɗu ke nan. Idan na yi rashin kunya ki yafe mini.

Taki ƙanwa,
Apondi

*

Mombasa
19 ga Mayu, 1989

Apondi,

Ina lafiya, ina fata kin koma makaranta lafiya.

Ƙunshin ya iso ranar Laraba ta makon jiya. Na riga na shiga wurin manaja tun Litinin. Na gaya masa komai a tsaye, bai ce in zauna ba. Da na kai wurin waya da ƙusa sai ya ture kofin shayinsa gefe. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya kuma ɗauke aikin daga hannuna ya ba Mutiso, wanda ni na koya masa yadda ake saka faifai. Kafin azahar duk ofis ya ji. Yanzu in na wuce sai wani ya ɗaga takarda ya ce, “Madam, wannan ta karatu ce ko ta gida?”

Da rubutun ya iso na kai masa teburinsa. Ya duba, ya kira Mutiso, Mutiso ya juya shafi biyu da bakin biro don kada ya taɓa, alhali waɗannan warin hayaƙi da busasshen kifi kawai suke yi. Bai gane ko rabi ba. Don haka ba a kore ni ba. Shi ne shugaban aikin a takarda, ni ce ke zaune kusa da shi ina gaya masa abin da zai danna. Amma ina da aiki, kuma ba don ke da Dani ba da yanzu ina neman wani.

Gasar bana ta wuce ki, ba zan yi miki ƙarya ba. Littafin kuma an sa masa makulli.

Maganar da kika faɗa a ƙarshe, na yi kwana biyu ina jin haushinki. Na shirya amsa mai tsawo a kan yadda yarinyar aji uku ba ta san wahalar birni ba. Da na zauna rubutawa na ga babu layi ɗaya a ciki da zan iya karantawa a gaban Dani. Ba rashin kunya kika yi ba.

Za ki ga wata takarda a naɗe a cikin wannan, shafi huɗu, da shuɗin biro. Ba taki ba ce. Na rubuta wa shugabar makarantarku na roƙa ta ba ki izinin zuwa gida ranar Asabar. Ki zauna kusa da kunnenta na dama, shi ne mai ji. Ki karanta da ƙarfi, a hankali, kada ki gyara komai, har wurin da na ba ta haƙuri. Idan ta zage ni, ki rubuto mini zagin yadda ta faɗe shi.

Yayarki,
Aoko